Shuɗin filogi iri ɗaya ne, wutar da ke bayansa ce ta bambanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu karatunka da ke tafiye-tafiye a ƙasashen waje da motar kwana, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, ko kuma karaban, ɗakin da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Maganar a kan abu ɗaya ce, yadda ake jona wa motar wutar lantarki idan an sauka a zangon matafiya. Mutum zai yi wata guda yana tsara hanya, ya san kuɗin mai da na jirgin ruwa har ƙwandala, amma wayar da za ta kwana jone da motar da iyalinsa ke barci a ciki bai taɓa tambaya a kanta ba. Yana ganin shuɗin soket a turken wuta sai ya cusa filogi ya juya baya.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne wannan shuɗin filogin. A Turai, daga Fotugal har Suwidin, kusan shi za ka tarar: mai haƙora uku, biyu sirara, ɗaya mai kauri wanda shi ne na wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa. Matafiya suna kiransa CEE, ma'auninsa a hukumance IEC 60309, an yi shi ya ɗauki amfiya 16 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) a kan bolt 230 (ma'aunin ƙarfinta), kuma yana jure feshin ruwan sama. Launin ma ba ado ba ne. Shuɗi na bolt 200 zuwa 250 ne, rawaya na wajen bolt 110, ja kuma na wuta mai layi uku, bolt 400, kuma an tsara haƙoransu yadda ɗaya ba zai shiga ramin ɗaya ba. To amma kama da wane ba ta wane. Soket ɗin ya nuna maka siffarsa ne kawai. Bai gaya maka amfiya nawa mai zangon ya sake maka ba, bai gaya maka ko an juya wayoyin ciki ba, bai kuma gaya maka ko wayar ƙasan tana jone da wani abu ba. Waɗannan ukun su ne duk maganar.

Mu fara da kebul, tunda shi ne naka, kai ke da iko a kansa. Wanda ƙa'ida ta yarda da shi mai jijiya uku ne, kowace jijiya kaurinta milimita 2.5 murabba'i, tsawonsa bai wuce mita 25 ba, da shuɗin kai a kowane ƙarshe: mai haƙora na shiga turke, mai ramuka na shiga jikin mota. A Jamus ana neman mai baƙar roba mai kauri da aka buga wa H07RN-F a jiki, saboda ba ya sandarewa a sanyi kuma yana jure mai da taka. Na Birtaniya galibi ruwan lemo ne don a gan shi a cikin ciyawa. A ciki, jijiya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa.

Masu saye suna yawan ɗaukar na milimita 1.5 don ya fi araha kuma ya fi sauƙin naɗi. Ga lissafin. Wuta tana zuwa ta dawo, saboda haka mita 25 tafiyar mita 50 ce. Idan ana jan amfiya 16, kebul na 2.5 zai cinye wajen bolt 6 a hanya, ya mai da wajen wat 95 zafi a jikinsa. Na 1.5 zai cinye kusan bolt 10, zafinsa ya haura wat 150. Idan kebul ɗin a shimfiɗe yake a ƙasa, iska za ta kwashe wannan zafin. Idan kuwa an bar shi a naɗe a kan gangarsa, an zaro mita biyar kawai saboda turken yana kusa, zafin ya rasa mafita. Naɗin ciki ya dafu, robar ta yi laushi, jijiyoyin su haɗu. Wasu suna cewa wai naɗin ne ke zama maganaɗisu, amma ba haka ba ne, domin wutar da ke tafiya da wadda ke dawowa suna soke juna. Zafi ne kawai ya taru. Shi ya sa a jikin gangar kebul akan rubuta adadi biyu, na naɗe wajen wat 1000, na warware wajen wat 3500. A warware shi duka, ko da mita uku ake buƙata, a shimfiɗa ragowar a dogayen layuka a gefen mota, ba a tara shi tsibi ɗaya a ƙarƙashinta ba, ba kuma a ratsa hanyar da tayoyi ke bi ba.

Jonawar kanta tana da tsari, kuma tsarin yana da dalili. A fara kashe babban makunnin wuta na cikin motar. A warware kebul, a bi shi da hannu ana duba yanka ko wurin da ya matse, a leƙa kawunan a ga babu ruwa ko baƙin ƙuna a haƙoran. A fara jona ɓangaren mota, sannan a kai ɗaya kan turke. Wanda ya fara da turke yana tafe ne da kebul mai rai a hannu a kan ciyawa mai raɓa. A wasu turakun, sai an cusa filogin an murɗa shi dama har ya yi ƙas kafin wuta ta zo, kuma sai an danna wani maɓalli kafin ya fita, don haka kada a fizge shi da ƙarfi. Sannan a koma ciki a kunna babban makunni, a danna maɓallin gwaji na RCD, na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yoyo. Idan bai yanke wuta nan take ba, a tsaya nan. Ranar tashi sai a bi ta baya: kashe na ciki, zare na turke, sannan na mota. Kuma a sa wa sitiyari wata alama, ko tsumma ne, don motocin da suka tashi da kebul a jone suka tumɓuke soket ɗin jikinsu ba su da adadi.

Wannan RCD ɗin ya kamata kowa ya san aikinsa, don shi ne ke tsakanin mutum da kabari. Yana auna wutar da ta shiga da wadda ta fito. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30, ya san wani abu yana yoyo, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. Aikinsa daban da na bireka, makunnin da ke faɗuwa da kansa, wadda ita kebul take karewa daga nauyin da ya fi ƙarfinsa. Zangon da aka gina bisa ƙa'idar zamani yana ba kowane soket nasa RCD da tasa bireka. Tsoffin zanguna kuwa akan tarar da motoci da dama a kan guda ɗaya, har butar maƙwabcinka ta kashe maka wuta.

Sai maganar juyin wayoyi, wadda ta fi damun masu motocin da aka ƙera a Birtaniya idan suka haye Faransa, Beljiyam ko Sifaniya. A tsarin Birtaniya, makunnin da ke jikin soket yakan yanke jijiya mai wuta kaɗai, fis ɗin cikin filogi ma a kanta yake. A yawancin ƙasashen nahiyar kuwa ba a damu da wace jijiya ta zo ta dama ko ta hagu ba, saboda kayansu an tsara su su yi aiki ta kowane ɓangare. Idan mai haɗa turken ya juya mai wuta da nutural, komai na motarka zai yi aiki lafiya lau: firji zai yi sanyi, buta za ta tafasa. Haɗarin yana ɓoye ne. Ka kashe makunni, ka ɗauka na'urar gasa burodi ta mutu, alhali nutural ka yanke, wuta tana nan kwance a cikin ƙarfen. Sa wuƙa ka ciro burodin da ya maƙale, ka ji yadda ake ji. Haka fis ɗin da ya ƙone zai bar na'ura da rai.

Maganinsa ba tsada. Akwai 'yar tasta mai fitilu uku da ake cusawa a soket na cikin mota, jadawalin fitilun yana jikinta. Ita za ta nuna ko wayoyin daidai suke, ko an juya su, ko babu wayar ƙasa. Wasu motocin ma suna da jar fitilar gargaɗi a allon wutarsu. Idan ta nuna juyi, a kashe, a zare daga turke, a sa guntun kebul na gyara tsakanin turke da babban kebul. Guntu ne da bai kai rabin mita ba, mai shuɗin kai biyu, wanda aka juya mai ruwan ƙasa da shuɗiya a kai ɗaya da gangan, aka bar ta ƙasa a inda take. Duk mai irinsa ya naɗe shi da jan tef ya rubuta a jiki, domin idan ya manta ya sa shi a turke mai kyau, shi da kansa ya jawo abin da yake gudu. Kuma a sake gwadawa bayan an sa. Kada a ce jiya an gwada a wannan zangon, domin soket biyu a turke ɗaya suna iya saɓawa juna.

Norwe tana da nata hali. A wurare da yawa can tsarin wutar ba shi da nutural: jijiyoyin biyu duk masu wuta ne, bolt 230 a tsakaninsu, kowace kuma wajen bolt 130 tsakaninta da ƙasa. Wasu sassan Beljiyam ma akwai irin wannan. A nan tasta za ta yi ta nuna fitilu marasa kan gado, kuma guntun gyara ba zai canza komai ba. Abin yi shi ne a ɗauki kowace na'ura a matsayin mai rai muddin filoginta yana soket, a zare ta gaba ɗaya kafin a taɓa cikinta.

Juyin wayoyi ana iya zama da shi a yi hattara. Rashin wayar ƙasa kuwa ba a ciniki a kansa. Mota tana tsaye ne a kan tayoyin roba. Idan wata jijiya ta goge ta taɓa ƙarfen jikinta, kuma babu hanyar da wutar za ta bi ta koma, jikin motar gaba ɗaya ya ɗauki wuta yana jira. Wanda zai kammala hanyar shi ne yaron da ya fito ba takalmi ya tsaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa ya kama hannun ƙofa. Duk wanda ya taɓa jikin mota ya ji ɗan tsikari a yatsa, ya je ya zare daga turke nan take, ba sai ya gama shan shayi ba. Idan tasta ta ce babu ƙasa, a gwada wani soket, a gaya wa masu zangon. Idan duk haka suke, a kwana a kan batir da gas. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu tsallakawa Maroko da hunturu su fi kowa kula da wannan, da kuma faɗuwar ƙarfin wuta da yamma lokacin da kowa ya kunna nasa. Wutar Turai an yarda ta yi wasa tsakanin bolt 207 da 253. Ƙaramar mita da ake cusawa a soket za ta nuna maka. Idan ta sauka ƙasa da 207 ta zauna, kashe na'urar sanyaya ɗaki, don injinta zai yi ta jan wuta fiye da kima yana zafi har ya ƙone.

Ba kowane zango ne ya koma shuɗin soket ba. A ƙananan wurare da tsofaffi za ka tarar da soket irin na cikin gida, kuma a nan ƙasashe suka rarrabu. Na Jamus, da ake kira Schuko, ramuka biyu ne da ƙarfen ƙasa a gefe da gefe, kuma shi ne a Holan, Ostiriya da Sifaniya. Na Faransa da Beljiyam yana da haƙorin ƙasa da ya fito daga cikin soket ɗin. Adaftar da za a saya ta kasance mai kai irin CEE 7/7, wanda ke da ƙarfen gefe kuma yana da ramin haƙorin, sai ya shiga duka biyun da ƙasa a jone. A soket na Jamus, idan tasta ta nuna juyi, zare filogin kawai ka kifa shi ka mayar. A na Faransa haƙorin ba zai bari ba, sai guntun gyara. Suwizalan da Italiya kowace da nata mai haƙora uku, sai an nemi adaftarsu daban. Na Denmak shi ne mai yaudara: filogin Jamus yana shiga cikinsa daram, wuta ta zo, amma ƙasa ba ta haɗu ba. Kuma duk waɗannan adaftocin ba su jure ruwa kamar shuɗin kai, don haka mahaɗar ta kasance cikin akwatin turke ko a rataye, kada ta kwanta a inda ruwa ke taruwa. Naɗe ta da leda ba dabara ba ce, gumi take tarawa a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi tayar da mutane tsakar dare, wato amfiya. Tambayar farko a ofishin zango ita ce, amfiya nawa ne? A Birtaniya 16 ko 10 aka saba. A Faransa 6 ko 10 sun fi yawa, wani wurin ma ka zaɓa ka biya daidai da zaɓinka. A Italiya ana samun 6, ana samun 4, har 3. Ninka adadin da 230 ka sami abin da za ka iya kunnawa a lokaci guda: amfiya 16 wat 3680 ne, 10 wat 2300, 6 wat 1380, 4 kuma wat 920.

Mu ɗauki amfiya 6 mu ga yadda take ƙarewa. Kafin ka taɓa komai, cajar batirin motar tana iya jan wat 300 idan batir ya yi ƙasa, firji mai aiki da wuta da gas kuma wajen wat 150. Saura 930. Hitar Truma Combi mai lantarki tana da mataki biyu, wat 900 da 1800. A matakin farko ka cike ma'aunin, saura wat 30. Butar lantarki irin ta gida tana jan wat 2000 zuwa 3000, ita kaɗai ta fi ƙarfin turken. Na'urar busar da gashi wajen 2000. Na'urar ɗumama abinci da aka rubuta wa 800, wannan ƙarfin dafuwarta ne, abin da take ja daga soket ya kai 1200 ko fiye. Shi ya sa matafiyan da suka goge suke ɗaukar ƙaramar buta mai wat 750 zuwa 1000, su mai da hita da tukunyar ruwan zafi kan gas, kuma kafin a kunna abu mai nauyi a kashe wani. Masu inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta soket, kamar Victron MultiPlus, suna da sauƙi, don ana saita mata iyakar amfiyar da za ta ja daga turke, ta cike gibin daga batir.

Akwai halin bireka da mutane ba su gane ba, har su riƙa zargin mai zango. Idan nauyi ya ɗan haura kaɗan, ba ta faɗuwa nan take. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinta yake ɗumi a hankali har ya lanƙwashe. Bireka mai amfiya 6 tana iya ɗaukar 8 na tsawon mintuna masu yawa kafin ta saki. Sai mutum ya kunna komai da magariba, ya ga lafiya, ya kwanta, can cikin dare hita ta mutu, sanyi ya tashe shi. A wurare da yawa kuma akwatin birekar a kulle yake, mabuɗin yana hannun ma'aikacin da ba zai zo ba sai safe. Faɗuwar nan take kuwa daban ce: ko gajeriyar haɗuwar waya, ko fizgar farko ta injin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke ninka abin da yake ja sau da yawa na ɗan lokaci.

Idan wuta ta ɗauke, a duba wanne ne ya faɗi. In bireka ce, nauyi ne, a rage. In RCD ne, ruwa ba ya tsami banza, akwai yoyo a wani wuri. A kashe dukkan ƙananan birekun cikin mota, a tayar da shi, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Galibi danshi ne a cikin kan kebul, ko ƙarfen ɗumama ruwa da ya tsufa, ko na bayan firji. Idan ya faɗi alhali komai na ciki a kashe yake, kebul ɗin ne ko soket na jikin mota. Wanda ya yi ta tayar da shi yana faɗuwa har ya manne shi da tef, ya cire mai gadinsa da hannunsa.

A Jamus da Ostiriya, musamman da hunturu, zanguna da yawa suna karanta mita su caje ka abin da ka sha, don haka a ɗauki hoton mitar ranar sauka. A wuraren tsayawar motocin kwana na ƙananan hukumomi kuma akan sa tsabar Yuro a turke, wutar ta yanke idan kuɗin ya ƙare. Cajin motar lantarki daga turken zango kuwa sai da izinin masu wurin, don ba a yi wayoyin don jan amfiya 16 na awanni goma ba tsayawa ba.

Wanda zai ƙetare teku, lissafin ya sake gaba ɗaya. Amurka da Kanada bolt 120 ne, kuma wutar tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ba 50 ba. Turakunsu suna da soket na amfiya 30 mai suna TT-30, wat 3600, da na amfiya 50 mai layi biyu, wat 12,000. Motar Turai a can sai da taransifoma mai ɗaga wuta, motar Amurka a Turai sai da mai saukewa, kuma taransifoma ba ya canza 50 zuwa 60, saboda haka a karanta allon kowane inji. TT-30 ya yi kama da tsohon soket na injin busar da kaya mai bolt 240, kuma an sha samun mai haɗa waya ya ba shi 240 bisa kuskure, ya ƙone duk kayan motar da aka jona. A Ostireliya wutar 230 ce, amma karaban yana amfani da filogin amfiya 15 mai faffaɗan haƙorin ƙasa. Goge haƙorin da zarto don ya shiga soket na amfiya 10 laifi ne, akwai adafta ta musamman mai bireka da RCD a cikinta. A Niyuzilan ba a yarda a jona mota ba sai tana da takardar shaidar lafiyar wayoyinta, wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu.

Masu hayar mota su buɗe akwatin kaya tun a harabar kamfanin, su warware kebul ɗin su karanta abin da aka buga a jikinsa, su tambayi adaftar ƙasashen da za su ratsa, su sa a nuna musu inda babban makunni da RCD suke, don sau da yawa a ƙarƙashin kujera ko cikin kabad aka ɓoye su. Tasta kuwa da wuya ka same ta a cikin kayan haya, sai ka sayi taka, mai kai irin soket ɗin da ke cikin motar da aka ba ka.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, ma'aikacin lantarki